Takardar da Ta Kwashe Naman Miyata

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da na tsaya gaban manyan ma'aikata ina koya musu yadda ake riƙe kuɗi, alhali ko inda naman miyar gidana yake fitowa ban sani ba. Shekaru sun ja, furfura ta cika mini kai, amma ko yanzu in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A shekarun farko ne bayan an yanke mana jiharmu daga Kano, aka kwaso mu aka zube a Dutse. Ofisoshin duk na aro ne, mutum uku a tebur ɗaya, wasu ma ranar Litinin suke zuwa daga Kano su koma Juma'a don ba gidan haya. Ni ƙaramin jami'i ne a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata. Ilmin tattalin arziki na karanta a jami'a, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. (Abokan aiki suna kirana Farfesa. Na daɗe ina zaton girmamawa ce.)

A bayan ofishinmu, ƙarƙashin wata darbejiya, akwai rumfar wata mai abinci da muke kira Maman Bulus. Kirista ce 'yar Filato, ta biyo mijinta da ya zo aikin kafinta lokacin da gine-gine suka ɓarke a garin. Shinkafa da wake take yi, da tuwo, da farfesun akuya wanda in ta buɗe tukunyarsa har ofishin Darakta ake jin ƙamshi. Mahauci musulmi ke yanka mata, saboda haka kowa a wurinta yake ci. In ma'aikata za ta yi taro kuwa, ita ake ba aikin abincin baƙi.

A gida kuma akwai maiɗakina, Saude. Tun da muka tare a Dutse na yanke mata kuɗin cefane, kuma shekara uku cur ban ƙara ko sisi a kai ba. A cikin shekarun nan komai ya yi tashin da sai dai a riƙe baki, amma miyar gidana ba ta taɓa rasa nama ba, mai kuwa har kwanciya yake a samanta. Me kuke tsammani na ɗauka? Na ɗauka iya tsarina ne. Na san tana 'yar sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ina jin dakanta, ina shaƙar hayaƙin suyarta, amma a wurina abin rage zaman banza ne na mata. Ban taɓa tambayarta wa ke saye ba. Kowace Asabar ina hawa babur ɗina in tafi Miga gaida mahaifiyata, in dawo da la'asar in tarar an share tsakar gida tas, jarkokin mai babu su, ban kuma taɓa cewa ina suka tafi ba.

To, sai wata shekara aka ce kuɗin da ake turo wa jiha ya ragu. Takarda ta zo daga sama cewa kowace ma'aikata ta rage kashe kuɗi. Daraktanmu, wani dattijo mai sanyin magana da muke kira Alhaji, ya tara mu ya ce duk mai shawara ya rubuto. Sauran mutane suka rubuta layi biyu-biyu, a kashe fitila in an tashi, a riƙa rubutu a gaba da bayan takarda. Ni kuwa na kwana uku ina rubutu. Shawarata kashi biyu ce. Na farko, a soke abincin taro gaba ɗaya, wanda ya zo taro ya ci a gidansa. Na biyu, ma'aikata su daina sayen abincin rana, kowa ya riƙa zuwa da nasa daga gida, kuɗin da zai kashe a rumfa ya zuba a ƙungiyar tanadi da za mu kafa. Na yi bayanin cewa in gwamnati ta tsuke hannu, jama'a ma suka tsuke, kuɗi zai taru ya zama jari, 'yan kasuwa su karɓi jarin su juya, nan da wasu shekaru ribar kowa ta haɓaka. Har zane na yi da jan biro, layin riba yana hawa sama kamar hanyar hawa dutse.

Alhaji ya karanta ya jinjina kai. Kashi na farko ya yi daidai da abin da aka umarce shi, sai ya sa hannu. Kashi na biyu kuwa ni na bi mutane tebur tebur ina wa'azi har suka gaji suka yarda. (Wasu sun shiga ne kawai don in bar su su yi aiki.) Kafin wata biyu abin ya tsallaka ofisoshin da ke maƙwabtaka da mu. Da azahar sai ka ga manyan mutane kowa ya jawo kular abincinsa daga ƙarƙashin tebur. Ni kuma ina zagayawa ina duba su kamar mai duba gona.

Wata rana zan wuce ta bayan ofis, Maman Bulus ta kira ni. Bencinanta uku duk wayam, tana zaune tana kore ƙuda da faifai. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida, ta ce a gaida Madam. Sannan ta ce tana da tambaya, in ba zan ji haushi ba.

"Oga, in kowa ya ƙulle kuɗinsa, wanda za ku ba jarin nan, wa zai sayar wa?"

Na yi murmushi irin na wanda aka yi wa tambayar 'yan firamare. Na ce mata wahalar ta ɗan lokaci ce, ita tana duban yau ne, mu kuma masu ilmin abin muna duban shekara goma gaba, kuma a can gaba ita ma ribarta sai ta ninka. Ta dube ni wani irin kallo da ban gane ba a lokacin, kamar tana jira in ƙara wata magana. Da ban ƙara ba sai ta ce to, Allah ya kai mu shekara goman da rai.

A gida kuwa abubuwa suka fara sauyawa, ni ban haɗa su da komai ba. Da farko dakan gyaɗa ya ragu, daga baya ya tsaya cak, har na yi murna na samu shiru na karatu. Sai nama ya koma yanka biyu, ya koma ɗaya, ya koma ƙashi. Man da ke kwanciya a kan miya ya ɓace. Da na yi magana, Saude ta ce kaya sun yi tsada. Na zaunar da ita na yi mata lacca mai tsawo a kan tsimi da tanadi, na ce kuɗin da ya ishe mu shekara uku ba zai kasa isarmu yanzu ba sai in an saki tsari. Ta saurara har na gama, ta ce to Malam, ta tashi ta shiga kicin.

A Miga ma, yayana Yaya Garba, wanda ke kiwon awaki, ya yi mini kukan cewa mahaucin Dutse da ke ɗaukar masa akuya duk mako ya daina zuwa, ga dusa ta yi tsada, ga awakin sun taru suna ci. Shi ma na yi masa laccar. Shi bai ce to ba, ya dai ce karatun boko da daɗin baki yake.

Ita kuma ƙungiyar tanadin, kuɗi ya taru kamar yadda na faɗa, sai dai na rasa mai karɓa. Na je wurin masu shaguna biyu-uku a bakin sakatariya na ce ga jari, suka ce kayan da ke kan kantarsu ma ba su ƙare ba, in sun ƙaro wa zai saya? Wannan ya ɗan dame ni, amma na ce a raina mutanenmu ne ba su waye ba.

Da ƙungiyar ta cika wata shida, Alhaji ya ce a yi ɗan taro a gayyato daraktocin wasu ma'aikatu, ni in yi bayani ko su ma za su ɗauka. Kwana biyu kafin ranar na ce wa Saude ina son abincin da zan tafi da shi ranar Alhamis ya zama na gani na faɗa, shinkafa da miya da nama sosai, don zan nuna wa manya misali. Ta tambaya ko zan ƙara wani abu a kan na cefanen. Na ce ai in na ƙara, misalin ya lalace.

Ranar Alhamis na sa farar shaddata ta sallah. Ɗakin taron ya cika, daraktoci a gaba, ma'aikata a baya, masinjanmu Baba Audu, wani tsohon soja mai bakin tsiya, yana tsaye a bakin ƙofa. Ba abinci, ba lemo, ruwa ne kawai a kofunan roba, kuma na nuna wannan a matsayin nasara ta farko. Na manna zanena a bango. Na yi magana a kan kasafin kuɗin gwamnati, na ce duk abin da aka kashe a kan ciki asara ne. Na yi magana a kan jari da riba ta dogon lokaci. Da na ga wasu sun fara gyangyaɗi sai na jawo kulata na ɗora a kan tebur.

Na ce kada su ɗauka magana ce ta littafi kawai, a gidana nake aiki da ita. Shekara uku da rabi ban ƙara wa iyalina kuɗin cefane ba, amma ga abin da nake ci. Na buɗe kular. Wallahi Saude ta yi ƙoƙari, nama ne jere a kan shinkafa, mai yana ƙyalli, ƙamshi ya cika ɗakin mutanen da ba a ba komai ba sai ruwa. Wani darakta ya miƙo wuya ya ce lallai wannan yaro ya iya tsari. Aka ɗan tafa.

Ana cikin tafin ne na ga Baba Audu yana magana da wani a bakin ƙofa, yana cewa a jira a gama. Alhaji ya tambayi ko wane ne. Baba Audu ya ce Maman Bulus ce, ta zo sallama, motar da za ta kwashe kayanta tana jira. Alhaji mutum ne mai kara, ya ce ta shigo.

Ta shigo da jarkoki biyu rawaya, ɗaya a kowane hannu, babu komai a ciki. Ta rusuna ta gaida manya, ta ce ta rufe rumfa, za ta koma wurin 'yar'uwarta a Kano ko can za a samu ciniki, ta gode da zaman arziki, wanda ta ɓata wa ya yafe. Sannan ta juyo wurina ta ajiye jarkokin a gefen teburin, daidai kusa da kular.

"Oga, ga jarkokin Madam. Ka ce mata na gode, ban samu zuwa gida ba. Shekara uku ban taɓa samun algus a man da take ba ni ba."

Ban gane ba. Da gaske nake, ban gane ba. Na ce wace Madam? Ta ce matarka mana. Alhaji ya gyara zama ya ce ta yi bayani, ita kuma ta dube ni da mamaki, don ashe duk tsawon lokacin nan ta ɗauka na sani. Ta ce ai duk man gyaɗar da take girki da shi daga gidana yake, da ƙulin da take sayarwa, har da daddawa. Duk Asabar da safe take zuwa ta ɗauka. Abincin taron ma'aikata shi ne babban cinikinta, makon da aka yi taro jarka huɗu take ɗauka. Awakin farfesu ma na yayana ne na Miga, Saude ce ta haɗa shi da mahaucin. Tun da aka soke abincin taro, mutane kuma suka daina zuwa da rana, ta rage zuwa jarka ɗaya, daga baya ta daina. Ta ce ranar da ta kira ni ta yi mini tambaya, ta zaci zan ce mata wani abu a kan gidana, da na yi shiru sai ta ce ƙila akwai wata hanyar da muka samu.

Ni dai ina tsaye, hannuna ɗaya a kan murfin kula. Na dubi naman, na dubi jarkokin, na sake duban naman.

Baba Audu ne ya ƙarasa ni. Daga bakin ƙofa, da muryarsa ta fareti, ya fara lissafa wa mutane a kan yatsunsa:

"Ranka ya daɗe, bari in ga ko na gane karatun. Gwamnati ta ba Maman Bulus, Maman Bulus ta ba matar Farfesa, matar Farfesa ta zuba a tukunya, Farfesa ya ci ya ƙoshi, ya samu ƙarfin rubuta takardar a daina ba Maman Bulus."

Daraktan da ya yabe ni shi ya fara fashewa da dariya, har hularsa ta faɗi. Daga nan ɗakin ya rikice. Wani yana buga tebur, wani ya fita waje yana riƙe da ciki. Alhaji kaɗai ne bai yi dariya a fili ba, ya dai sa hankici ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa. Maman Bulus kuwa ta rasa inda za ta sa kanta, sai ba ni haƙuri take, wanda hakan ya fi dariyar ciwo. Zanena yana nan a bango, jan layinsa yana ta hawa sama.

Ba na tuna yadda aka rufe taron. Abin da na tuna shi ne na ɗaure jarkokin a bayan babur, da farar shaddata, na kama hanyar gida. Lokacin wahalar fetur ake, saboda haka kafin in kai unguwarmu mutum uku suka tsayar da ni suna tambayar nawa galan. Na ukun har roƙona ya yi in rage masa ko kwalba ɗaya.

Na tarar da Saude tana wanki. Ta ga jarkokin, ta gan ni, ba ta tambayi komai ba. Na zauna a kan turmin da aka kife na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce ta fara sau biyu, duk biyun na katse ta da cewa ba ta san harkar ba. Ta ce kuɗin cefanen da nake ba ta tun bara ba ya wuce kwana goma sha, ragowar watan daga ribar mai take cikewa, ba ta faɗa ba don ta ga ina jin daɗin yadda nake ba abokaina labari. Na ce to naman yau fa, tunda cinikin ya tsaya? Sai ta nuna mini gefen murhu da haɓarta. Babban kaskon da take suyar gyaɗa da shi, wanda ta zo da shi daga gidansu, babu shi a wurin. Ta sayar wa maƙwabciya jiya.

Wannan ya fi abin da ya faru a ofis. A ofis kunya na ji, a nan kuwa na rasa ma sunan abin da na ji. Kular tana rataye a hannun babur, ko yanka ɗaya ban iya taɓawa ba.

Washegari da sassafe na shiga gidan maƙwabta na fanso kaskon, da ƙari a kan abin da aka saya, matar gidan tana magana daga bayan labule tana danne dariya, don labari ya riga ni isa. A ranar na ƙara kuɗin cefane, ƙari na gaske. Na je ofis na sami Alhaji na ce ina son janye takardata. Ya ce abincin taro kam ba zai dawo ba tunda umarnin daga sama ne, amma na rana ba wanda ya hana kowa sai bakina. Aka aika wa Maman Bulus saƙo a Kano, bayan wata ɗaya ta dawo ta sake kafa rumfa, kuma ita ce mutum ta farko da ta karɓi jari daga ƙungiyarmu, bayan ma'aikata sun yi mata alkawarin za su dawo benci. Cinikin bai koma kamar da ba. Sai bayan shekaru, da aka sake buɗe hannu aka fara gine-gine, leburori da direbobi suka cika garin, sannan ita da Saude da Yaya Garba suka ga riba ta kirki. Ni kuma sunan Farfesa ya faɗi, aka koma kirana Mai Jarka har na yi ritaya.

Na koma na buɗe littattafaina daga baya, na tarar ashe abin yana ciki, ni ne na tsallake shafin: kuɗin da wani ya kashe shi ne cinikin wani, kuma in gwamnati da jama'a suka ƙulle aljihu a rana ɗaya, ribar da ake jira ba ta da ƙofar shigowa. Tanadi yana da amfani, amma sai in akwai wanda zai ɗauka ya yi aiki da shi, shi ma kuma sai ya hango mai saye.

Har yau ina tattali, ban daina ba. Sai dai yanzu ni kaɗai nake abina, a ɓoye, ina addu'ar kada kowa ya kwaikwaye ni.